Babi na Biyar: Wuƙa Ta Dakushe, Murya Ta Dusashe

Wanne ne daidai, a ce muryar mai wa'azi ta dakushe ko a ce ta dusashe? Kuma idan mai karanta labarai ya ce jami'an tsaro sun dakushe 'yan bindiga, me yake so mu fahimta, an gama da su ke nan ko suna nan? Masu sauraron rediyo kan yi wannan musun, haka ma ɗalibai idan malami ya ja jan biro a ƙarƙashin ɗaya daga cikin kalmomin biyu. Galibi ana kashe musun da cewa ai duk ɗaya ne, Hausa ce mai yalwa. Ni a ganina ba ɗaya ba ne. Kalmomin nan biyu suna magana a kan raguwa iri biyu, kuma wanda ya bambance su zai iya faɗin wani abu a jimla guda wanda mai cakuɗa su sai ya yi dogon zagaye kafin ya kai gare shi.

Daga bakin wuƙa

Gidan dakushe na asali shi ne kaifi: wuƙa, aska, adda, lauje, gatari, almakashi, reza. Bakin wuƙar da aka wasa siriri ne ƙwarai, ya fi silin gashi sirantaka nesa ba kusa ba, don haka duk ƙarfin hannun mai yanka yana taruwa a wannan ɗan siririn layi, sai nama ya buɗe. Da an fara aiki, bakin yana haɗuwa da ƙashi, da katako, da tsakuwar da ta maƙale a fata, sai ya riƙa lanƙwashewa gefe kaɗan-kaɗan yana kuma cinyewa, har layin ya yi faɗi. Ƙarfin hannu bai ragu ba, amma ya watsu, wuƙa sai ta riƙa danna nama maimakon ta ratsa shi.

Duba mahauci a bakin teburinsa. Bayan 'yan yanke-yanke sai ka ga ya goga wuƙar a jikin wata wuƙar ko a wani ƙarfe, sau uku sau huɗu, cikin sauri, ba tare da ya ko kalla ba, yana ci gaba da ciniki da mai saye. Wannan gugar tana miƙar da bakin da ya karkace ne kawai. Idan abin ya wuce haka sai a kai ga dutse, a zuba ruwa a yi washi na sosai, wanda ke cire ɗan ƙarfe ya fito da sabon baki. Shi ya sa masu wasa wuƙa ke samun kasuwa ana jajibirin Babbar Sallah. Idan kuwa fartanya ce ko gatari da bakinsa ya yi kauri har dutse ba zai wadatar ba, sai maƙeri ya sa a wuta ya koɗa. Abin lura a nan shi ne, a duk matakan nan wuƙar tana nan yadda take: ƙotarta, tsawonta, nauyinta, har ƙyallinta. Daga nesa ba za ka san ta dakushe ba. Mahaucin da kansa sai ya ɗora ta a farce ko ya gwada ta a gashin hannunsa. Shi ya sa Bahaushe ke cewa wuƙa tana ci ko ba ta ci. Aiki ne ke tona asirin dakushewa.

Daga nan kalmar ta yaɗu zuwa duk abin da Hausa ta ba shi kaifi. Muna cewa kaifin basira, kaifin ƙwaƙwalwa, kaifin harshe, magani mai kaifi, muna kiran kacici-kacici wasa ƙwaƙwalwa, muna cewa 'yan takara sun wasa wuƙa. Duk abin da ake wasawa yana iya dakushewa. Kulorakwin misali ne mai kyau. Shekaru da dama shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro a ko'ina, sannan ƙwayar cutar ta saba da shi har ya daina yi mata illa, Nijeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko a 2005 ta koma ga haɗin magungunan da ke ɗauke da atemisinin. Ƙwayar maganin ba ta canja launi ko ɗaci ba, ci ne ta daina. Wanda ya ce kaifin kulorakwin ya dakushe ya faɗi magana daidai wa daida.

Abin da ido da kunne ke shaida

Dushe, da 'yar'uwarta mai tsawo dusashe, wadda wasu ke furtawa disashe, gidansu haske ne da sauti. Fitila ta dushe idan kananzir ya yi ƙasa, tocila ta dushe idan batir ya yi sanyi. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, rana kan dushe har mutum ya iya kallonta da tsakar hantsi, jirage su kasa sauka a Kano. Tsoho mai yanar ido yana gani dishi-dishi. Shi kuma sauti, a maƙogwaro akwai wasu 'yan tantani biyu da iska ke kaɗawa su ba da murya. Idan aka wahalar da su suka kumbura, ba sa haɗuwa sosai, iska na zurarewa, murya ta fito a shaƙe. Haka ke faruwa ga ɗan kamasho da ya wuni yana kiran fasinja a tasha, da sanƙira bayan kwana uku na biki, da mai tafsiri a goman ƙarshe na azumi. Muryarsu ta dusashe. Kuma da yake Hausa na kwatanta shahara da tauraro, mawaƙin da aka daina yayinsa tauraronsa ne ya dushe.

Ka ga a nan ba sai an gwada abu a kan aiki ba. Mai kallo ko mai sauraro shi ne shaida, kuma sau da yawa matsalar ma ba daga tushen take ba, tana tsakani ne. Ranar hunturu ba ta rasa komai ba, ƙura ce ta shiga tsakaninmu da ita. A 2020, lokacin annobar korona, mutane sun ji yadda takunkumin fuska ke dusashe magana har sai an ce wa mutum ya maimaita, alhali maƙogwaronsa lafiya lau. Salansar babur ma aikinta ke nan da gangan: hayaƙi na fitowa daga inji da bugu mai ƙarfi, sai a bi da shi ta wasu ɗakuna da bututu mai huje-huje, ya bazu ya rage ƙarfin bugun kafin ya fita. Samarin da ke cire hanjin salansa don babur ya yi ƙara sun san abin da suke cirewa. A irin wannan wuri Hausa tana da zaɓi, kuma kowace kalma da nauyinta: rage ƙara ita ce mafi sauƙi, danne tana nuna akwai mai yi da nufi, shaƙe tana nuna matsi a mafita, toshe kuwa ta rufe hanyar ɗungurungum. Dusashe tana faɗin abin da ya iso kunne ne kawai, ba ta damu da wanda ya jawo ba.

Sarki a bayan amawali

Hanya mafi sauƙi ta gane cewa kalmomin biyu ba ɗaya ba ne ita ce a samo abin da ɗaya ta same shi ɗayar ba ta same shi ba. Sarauta ta ba mu misalin ta fuska biyu. A al'adar fada, sarki kan ja amawali ya rufe bakinsa, ya yi magana ƙasa-ƙasa, fadawa su ɗaga ta su isar. A zamanin En'e, sa'ad da sarki ke da kotu da 'yan doka da gidan yari a ƙarƙashinsa, wannan muryar da da kyar na kusa ke ji tana iya tuɓe hakimi ko ta ɗaure mutum. Murya a dusashe, umarni da kaifi.

Sannan aka juya. Daga ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya miƙa mulkin yau da kullum ga majalisun ƙananan hukumomi, ya bar wa sarakuna shawara. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnoni. To amma je ka hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau: dawaki da kwalliya, kakaki da algaita da tambari, jama'a maƙil, ga talabijin ga wayoyi suna ɗauka, har masu kallo sun ninka na da. Babu wanda zai ce sarauta ta dusashe. Amma wuƙar da ke hannunta ba ta ci kamar da, kuma rikice-rikicen tuɓe sarki da naɗa wani da aka gani a Kano a 2020 da 2024 sun nuna a hannun wa wuƙa da nama suke. Jimla guda ta isa ta ɗauki wannan tarihin duka: ikon sarauta ya dakushe, kwarjininta bai dushe ba. Idan muka yarda kalmomin biyu ɗaya ne, wannan jimlar ta zama mai warware kanta, kuma mun yi asarar hanya mafi gajarta ta faɗin gaskiyar lamarin.

Akasin haka ma sananne ne a siyasa. Akwai tsohon ɗan siyasar da ya daina fitowa taro, ba a jin sa a rediyo, matasa ma ba su san fuskarsa ba, amma babu ɗan takarar da zai samu tikiti sai ya je gaishe shi da dare. Wannan tauraronsa ne ya dushe, kuma wanda ya ɗauka ya dakushe zai sha mamaki ranar zaɓen fid da gwani.

Ƙorafin masu nahawu

Mai ilmin nahawu zai iya tsayar da ni a nan. Zai ce aikatau masu ƙarewa da wasalin e, waɗanda tun rabe-raben da F. W. Parsons ya yi a 1960 ake kira aji na huɗu, suna nuna an yi abu gaba ɗaya ne: an saya, an saye, an ƙona, an ƙone, an ci, an cinye. Dakushe kuwa daga dakusa take, s ɗin ta koma sh a gaban e kamar yadda fasa ke komawa fashe, rusa ta koma rushe. To ta yaya kalmar da siffarta ke nuna ƙarewa za ta zama kalmar abin da bai ƙare ba? Ƙorafi ne mai ma'ana, amma amsarsa na cikin tambayar mene ne ya ƙare. Idan tulu ya fashe, tulun ne ya tafi. Idan wuƙa ta dakushe, kaifin ne ya tafi, wuƙar tana nan. Cikar da wasalin ke nunawa ta faɗa kan sifar abin, ba kan jikinsa ba. Shi ya sa muke iya cewa dakusasshiyar wuƙa mu kuma ci gaba da kiranta wuƙa, mu ajiye ta a kube muna jiran mai washi, alhali fasasshen tulu sunansa ya kusa komawa katanga ko tsingaro.

Wani abin da siffar kalmar ke ɓoyewa shi ne mai aikatawa. Ana cewa wuƙa ta dakushe, ana kuma cewa yaro ya dakushe wuƙa, kalma ɗaya ba canji. Wanda ke son ya nuna da hannun wani a ciki ƙarara yakan ce dakusar da. Wannan sassaucin yana yi wa masu magana da yawun hukuma daɗi: masana'antu sun dakushe, ilmi ya dakushe, kamar abin ya auku ne da kansa cikin dare.

Ƙorafin masu karin harshe

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi. Za a ce a garinmu muna cewa wuƙa ta dasashe, wasu ma su ce ta dallashe, kuma tsakanin dasashe da dusashe wasali ɗaya ne. Ashe ba shaida ce ta cewa Hausawa ba su taɓa gina katanga tsakanin ma'anonin biyu ba? Gaskiya ne dasashe tana nan da ma'anar rasa kaifi, kuma kunne na saurin haɗa ta da dasashi, wato bakin da ba haƙori, wanda ke iya dannawa amma ba ya iya yankewa. Gaskiya ne kuma rubutun boko, da yake ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, ya ƙara kusanta kalmomin a ido fiye da yadda suke a baki. Nan ne, a ganina, mafi yawan cakuɗewar ta samo hanya: dakushe da dasashe ma'anarsu ɗaya, dasashe da dusashe kamanninsu ɗaya, sai mai sauri ya tsallaka daga ta farko zuwa ta ƙarshe.

Amma kusancin sauti ba ya zama hujjar haɗuwar ma'ana, in ba haka ba da fari da fara sun zama abu guda. Gwajin da ya fi dacewa shi ne a koma wurin masu sana'a. Ka tambayi wanzami abin da ya sami askarsa, ba zai ce ta dushe ba. Ka tambayi mai gyaran lantarki abin da ya sami ƙwan fitila idan wuta ta zo da rauni, ba zai ce ya dakushe ba. A inda abin yake a zahiri, a hannu ko a ido, masu harshen ba sa ruɗewa ko kaɗan, ko daga wane gari suke. Ruɗanin yana farawa ne idan aka tashi daga zahiri zuwa abin da ba a taɓawa, kamar tattalin arziki, dimokuraɗiyya, martaba, fata. Wato matsalar ba ta karin harshe ba ce, ta mai magana ce da bai tsaya ya yanke shawarar abin da yake nufi ba, ko ƙarfin abin ne ya ragu ko ganinsa.

Akwai kuma masu cewa harshe na masu shi ne, in jama'a sun saba da wani amfani ya zauna. Ban musa ba, kuma ba na cikin masu ganin duk sabon abu ɓarna ne. Murya ta dakushe, alal misali, tana iya zama daidai a wurinta: idan ana nufin muryar 'yan adawa ko ta ƙungiyar ƙwadago da har yanzu ake ji a ko'ina amma ba ta sa gwamnati ta motsa, to dakushewa ce ta gaske, don ƙarar na nan, cin ne babu. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki kalmar a maƙala ta ga duk wata raguwa. Dakushe ci gaba ta zama ruwan dare a rubuce-rubuce, amma ci gaba ba shi da baki balle kaifi, tafiya gare shi, don haka ana kawo masa cikas ne, ko a tauye shi, ko a durƙusar da shi. Yaron da rashin abinci ya hana shi girma ya tsumbure ne. Kalmomin nan duk suna nan, kuma kowacce ta fi dakushe faɗin abin da ya faru.

A bakin masu labarai

Tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da Sashen Hausa na BBC a 1957, aikin jarida ya ɗora wa Hausa nauyin faɗin abubuwan yaƙi da siyasa da tattalin arziki cikin gaggawa, kuma dakushe na cikin kalmomin da suka ɗauki kaya mai yawa, musamman a labaran tsaro. A nan ne bambancin ya wuce gardamar malamai. A watan Disamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya shaida wa BBC cewa a ma'aunin dabarun yaƙi an riga an ci galabar Boko Haram, yana nufin ƙungiyar ba ta iya kai irin manyan hare-haren da take kaiwa a da. Mutane da yawa sun ji kamar an ce an gama. Sai ga sace 'yan matan Dapchi a Fabrairun 2018, da harin sansanin soja na Metele a Nuwamban wannan shekarar, da kisan manoman shinkafa na Zabarmari a Nuwamban 2020. Kalmar da ta dace da halin da ake ciki a ƙarshen 2015 ita ce dakushe, in har mai sauraro ya ji ta da cikakkiyar ma'anarta: an kashe kaifin, makamin yana nan a hannun mai shi, kuma abin da aka dakushe ana iya wasa shi. Kalma ce mai gaskiya, tana ba da labarin nasara tana kuma gargaɗi a lokaci guda. Illar yawan amfani da ita barkatai ita ce kunne ya daina jin gargaɗin, ya ɗauke ta a matsayin wata hanyar cewa murƙushe.

Za a iya cewa na cika dogara da batun washi, alhali akwai dakushewar da ba ta da gyara. Gubar dalma da ta ɓulla a ƙauyukan masu haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ta kashe ɗaruruwan yara, kuma cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda ta taɓa ƙwaƙwalwarsu taɓawar da magani ba ya mayarwa. Idan aka ce gubar ta dakushe basirarsu, ina washin yake? Amsa ita ce kalmar ba ta yi alkawarin gyara ba, abin da ta tabbatar kawai shi ne mai abin yana nan, aikin ne ya ragu. Ko a maƙera akwai laujen da ya cinye har maƙeri ya ce ba sauran abin koɗawa. Amma ko a wannan hali mai tsanani zaɓin kalmar bai zama banza ba, domin wanda ya ce basirar yaro ta dakushe yana magana ne a kan yaron da ke nan, mai buƙatar makaranta da haƙuri da kulawa ta musamman. Haka ma matashin da kodin ko tiramadol ya dakusar da tunaninsa, abin da ya kai gwamnati ga haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018. Iyayensa na cewa ya dakushe ne don suna tuna yadda yake da, kuma ba su cire rai ba.

Duk raguwar da muka duba a wannan babi tana barin abin a wurinsa, ko dai ba ya ci ko ba a ganinsa sosai. Akwai wata iri da Hausa ta ware wa kalmomi na daban, wato raguwar abin da ya taso da ƙarfi sannan ya kwanta: wuta ta lafa, ruwa ya tsagaita, zazzaɓi ya sauka, fushi ya huce. Babi na gaba zai duba su, tare da dalilin da ya sa mazauna garin da aka yi rikici ba sa kwance kayansu don kawai an ce ƙura ta lafa.